Fararen karnuka biyu da na ce uwa da ɗanta ne

Bara, cikin watan Janairu, lokacin da sanyi ke hana yara isowa lakwal da wuri, na shirya wa ƴan ajina na CM2 darasin yankunan duniya: na zafi, matsakaici, da na sanyi. Duk malamin da ya taɓa koyar da wannan darasi a Maraɗi ya san inda gizo ke saƙa. Yankin zafi ba ya buƙatar dogon bayani, a cikinsa muke kwana muke tashi. Amma ka tsaya gaban yara 74, waɗanda ƙanƙarar da suka sani ita ce ta leda da ake sayarwa a bakin titi, ka ce musu akwai ƙasar da ƙanƙara ke lulluɓewa wata da watanni, sai ka ga suna kallonka kamar mai gatana.

Don haka na ce bari in kawo musu hoto. Na rubuta chien esquimau blanc a salula, hotuna suka zubo, na zaɓi biyu da suka fi kyau a idona. Na je wurin mai fotokofi ya fitar mini da su masu launi, dala 50 kowane, daga aljihuna. Ban tsaya karanta rubutun da ke ƙarƙashinsu ba, don magariba ta gabato kuma ina da kaye 74 da ban duba ba.

Washegari na liƙa su a allo, babban a dama, ƙaramin a hagu. Dukkansu farare fat, gashi buzu-buzu, kunnuwa a miƙe, hanci baƙi, wutsiya a naɗe bisa gadon baya. Na ce: "Ga karen Eskimo. Wannan uwar ce, wannan ɗanta. In ya girma shi ma za a ɗaura masa igiya ya ja traîneau, wato amalanken da ba shi da ƙafafu, mai zamewa bisa ƙanƙara." Babu wanda ya gaya mini uwa da ɗa ne. Ni na ga babba da ƙarami masu kama, na ƙulla musu zumunta a take.

Wani yaro a benci na uku, ɗan siriri, wanda ba ya cikin goman farko a kwamfozisho amma ba a rasa hannunsa a sama, ya shiga kaɗa yatsa yadda suka saba.

"Mushe, ƙaramin nan ba ɗa ba ne. Babba ne. Iyakar girmansa ke nan."

Na tambaye shi inda ya samo wannan. Ya ce a Yamai ya yi bakansi wurin kawunsa, wanda ke aikin gadi a gidan wani baƙo, kuma akwai irinsa a gidan. Ya shekara takwas, in ji shi, kawunsa na ɗaga shi da hannu ɗaya, ba ya jan komai, a ɗakin kilim yake yini, aikinsa kawai haushi in an taɓa ƙofa.

Abin da na amsa masa ba ya yi mini daɗin maimaitawa. Na ce: "To jama'a, ga masanin ƙasar Eskimo daga unguwarmu, ku tafa masa." Ajin ya kece da dariya. Ya sauke hannu. Kafin a tashi rekireyasho sunansa ya koma Eskimo, kuma ni na raɗa masa shi ba tare da rago ba. Sati biyu cur ban sake ganin hannunsa a sama ba. Na lura sarai, sai dai na riƙa gaya wa kaina mura ce ke damunsa.

Mahaifinsa dillalin tumaki ne. Ƙanwata ta haihu, aka ɗora mini neman ragon suna, na je wurinsa a kasuwar dabbobi. Bayan mun daidaita, yana ƙulle kuɗin cikin aljihun ciki, sai ya ce da murmushi: "Malam, an ce kun yi gardama da ɗanka a kan kare." Hotunan na nan cikin jakata tun ranar, na ciro su don in nuna masa gaskiyata. Ya riƙe su da nisa, kamar yadda suke yi wa dabba kafin su taɓa ta. Bai yi minti guda ba.

"Malam, ni ban san kare ba, ba na kiwonsa, ba na cinikinsa. Amma wannan ba jinjiri ba ne. Dubi ƙafafunsa, sirara, daidai jikinsa. Ƙaramin dabba, ko na wace iri, gwiwarsa da ƙafarsa kan riga jikinsa girma, shi ya sa kake ganin ɗan maraƙi kamar an ara masa ƙafafun wani. Sa'an nan dubi gashin wuyansa, ya cika. Ɗan bunsuru ba ya zuwa duniya da gemu."

Na ce: "Alhaji, amma ai duk farare ne, kuma kamarsu ɗaya."

Ya miƙo mini hotunan. "Balami fari ne. Cikin tumakin gida ma akwai farare. Ka taɓa ganin an saye su kuɗi ɗaya?"

A daren nan na koma shafukan da na ɗauko hotunan, na karanta abin da na tsallake. Ƙarƙashin babban an rubuta Samoyède. Ƙarƙashin ƙaramin, Esquimau américain. Ba uwa da ɗa ba ne, ba ma irinsu ɗaya ba, kuma abin da ya fi ba ni kunya, babu ɗaya cikinsu da ke karen Eskimo na gaskiya. Karnukan da mutanen Inuwit na Kanada da Girinlan ke ɗaura wa traîneau manya ne, masu launi iri-iri, baƙi da ja da toka da roɗi-roɗi. (Su kansu mutanen, da yawansu ba sa son sunan Eskimo, Inuwit suke kiran kansu.) Kuskure uku cikin jimla biyu, ga malami mai shekara 19 da alli a hannu.

Na ɗauki dare uku ina karatu, kuma zan kawo muku abin da na samu, don na tabbata ba ni kaɗai nake ɗauko hoto daga intanet in liƙa a allo ba.

Dalilin kamar tasu shi ne dangi ɗaya suka fito, dangin da masu kiwon karnuka ke kira spitz, kalmar Jamusanci da ke nufin abu mai tsini. Alamominsu su ne kunne mai tsini a miƙe, baki mai tsini, wutsiya naɗaɗɗiya, da gashi ninki biyu: na ciki gajere mai laushi kamar auduga, wanda ke riƙe ɗumi, da na waje dogo mai ɗan kaushi, wanda ke tare iska da danshi. Amma dangi ne mai faɗi. A cikinsa akwai ƙato mai jan kaya, akwai kuma ɗan mitsitsin da ake sawa a jakar hannu. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba wane ba ne.

Samoyed ɗan Sibiriya ne, arewacin Rasha. Sunan nasa daga mutanen da suka kiwata shi ya fito, waɗanda Rashawa ke kira Samoyed a da, yanzu kuma aka fi sanin babban reshensu da Nenets. Makiyaya ne masu ƙaura, suna bin garkunan renne, wata irin barewa mai ƙaho rassa-rassa, a wurare irin su Yamal, suna kafa tantin fata suna tashi, kamar yadda makiyayanmu ke bin ciyawa zuwa arewa da damina. Karen yana tare musu garke, yana taya su farauta, wani lokaci yana jan kaya, da dare kuma yakan kwana cikin tanti tare da iyali a ji ɗumi. Mai yiwuwa wannan zaman na kusa da mutane ne ya sa har yau ba ya ƙyamar baƙo. Masu kiwonsa na yi masa ba'a cewa in ɓarawo ya shigo, tarbarsa zai yi.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara kai su Turai. Wani Baturen Ingila, Ernest Kilburn-Scott, ya kawo guda a 1889, kuma wannan na farkon ba ma fari ba ne, ruwan ƙasa ne. Karnukan makiyayan suna da launuka dabam-dabam. Masu kiwo na Ingila ne suka riƙa zaɓen farare suna haɗa su, har fari ya zama tambarin irin. Ke nan launin da na dogara da shi wajen ƙulla zumunta, shi ne abin da ya fi kowane zama sabo a jikin karen.

Shi kuwa Eskimon Amurka, labarin sunansa ya isa darasin tarihi guda. Bai taɓa zama da Inuwit ba, bai taɓa jan traîneau ba. Jikan spitz ɗin Jamus ne, karen gona da manoman Jamus ke ajiyewa don gadi, wanda suka yi wa laƙabi da mai haushi bisa juji, saboda yadda yake hawa tarin taki ya hango mai zuwa ya ɗaga murya. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 suka tafi da shi. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Farko, wanda Amurka ta faɗa cikinsa a 1917, duk abin da ke ɗauke da sunan Jamus ya zama abin ƙi. Sai aka daina kiran sa spitz ɗin Jamus, ya koma spitz ɗin Amurka, daga baya aka aro masa sunan wani gidan kiwon karnuka ya zama Eskimon Amurka. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Karen nan da jami'an tsaro ke amfani da shi, berger allemand, Ingilishi sun sauya masa suna zuwa karen Alzas, kuma sunan ya zauna har 1977. Gidan sarautar Ingila kansa a 1917 ya ajiye sunansa na Jamusanci ya zama Windsor. In sarki ya canza suna saboda yaƙi, ina ga kare?

Abin da ya yaɗa shi a Amurka shi ne wasan cirque, inda ake yawo gari-gari ana nuna dabarun dabbobi cikin babbar rumfa. Yana da saurin ɗaukar horo, farin gashinsa na ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila, har an samu wanda ya iya tafiya bisa igiya. Babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka, AKC, sai a 1995 ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa. Ƙungiyar duniya, FCI, mai mazauni a Beljiyam, ba ta sa shi cikin jerinta ba.

To, yaya ake rarrabe su? Girma ne kan gaba, kuma shi kaɗai yakan isa in dabbar na gabanka. Ana auna kare daga ƙasa zuwa doron kafaɗa. Namijin Samoyed wajen santimita 57 ne, macen 53, nauyin namiji kilo 20 zuwa 30, ka ce rabin buhun siminti. Eskimon Amurka kashi uku ne: ƙarami daga santimita 23 zuwa 30, matsakaici daga 30 zuwa 38, babba daga 38 zuwa 48. Babbansu da wuya ya wuce kilo 16, ƙaraminsu kuwa bai kai tiya 2 ta hatsi ba. Mafi girman Eskimo bai kai matsakaiciyar macen Samoyed tsayi ba.

Sai dai hoto ba ya faɗin girma, kuma nan ne na faɗi. Mai ɗaukar hoto in ya durƙusa, ɗan mitsitsin kare sai ya cika takarda kamar zaki. Mu da ke hana yara karɓar taswira marar ma'auni, mu ne ke liƙa hoton dabba babu hannun mutum, babu kujera, babu ƙofa a gefe da za a gwada da su. In babu irin waɗannan, sai a koma kan fuska. Kan Samoyed faffaɗa ne, bakinsa mai kauri, kunnuwansa gajeru masu kauri, cike da gashi, bakinsu a ɗan zagaye, nesa da juna. Idanunsa a ɗan karkace suke. Gefen leɓɓansa a ɗage yake sama, shi ya sa kullum kake ganin kamar murmushi yake, kuma masu kiwonsa na cewa hakan na hana yawu zuba ya daskare masa a haɓa. Fuskar Eskimo ta fi kama da ta dila: baki siriri, kunnuwa sun fi tsini, ido a buɗe irin na mai jiran a taɓa ƙofa. Daga nan a sauka ƙafa, inda Alhaji ya fara. Samoyed ƙashinsa mai kauri ne, daginsa dogo mai faɗi, da gashi tsakanin yatsu don taka ƙanƙara. Na Eskimo ƙarami ne a dunƙule.

Kwikwiyon Samoyed kuma, wanda na zaci shi nake nuna wa yara, ba ya kama da Eskimo babba in an duba da kyau. Dunƙulalle ne, ƙafafu kamar taɓarya, baki gajere, gashinsa duk laushi ne bai ɗaya, babu gezar wuya, wutsiyar ma ba ta yi buzu-buzu ba tukuna. Duk wannan dillalin tumaki ya karanta shi cikin minti guda, a jikin dabbar da bai taɓa gani ba.

Akwai inda idon gwani ma ke gazawa. Eskimon Amurka na da ƴan uwa farare masu girmansa, kamar spitz ɗin Japan, wanda aka samar a shekarun 1920 da 1930 shi ma daga na Jamus, da kuma farin spitz ɗin Jamus na asali. Waɗannan sau da yawa takardar asali ce ke raba gardamarsu. Amma tsakanin Samoyed da kowane cikinsu babu wani uzuri.

Wani abu ya tsaya mini a rai game da karen gidan Yamai mai yini a ɗakin kilim. Dabbar da aka yi wa bargo biyu, an kawo ta garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Ranar da kuran ya ɗauke da tsakar rana fa? Ba a ma so a aske su, don gashin ne ke kare fatarsu daga rana. Ku tuna da karen Azawak da makiyaya ke kiwo a arewacin Tawa: gashi gajere kamar an shafa, ƙafafu dogaye, ciki a shafe. Da na ajiye hotonsa gefen na Samoyed tun farko, da yara sun gane bambancin yankin zafi da na sanyi ba tare da na buɗe baki ba. Darasin yana bayan gidanmu, na tafi neman sa Amurka.

A ekol normal an koya mana tsarin darasin lura: yaro ya duba, ya gwada wannan da wancan, sa'an nan a ba shi suna. Ni da suna na fara, sunan ma na ƙarya, na tilasta wa ido ya bi shi. Kuskuren bai dame ni kamar abin da na yi wa yaron ba. Kuskure kowa na yi, littattafan da muke koyarwa da su ma ba su tsira ba. Amma cikin yara 74 shi kaɗai ya taɓa ganin dabbar da idonsa, ya ji haushinta, ya san shekarunta, kuma shi na sa aka yi wa dariya. Mu malamai muna tsoron kalmar "ban sani ba" kamar yadda muke tsoron sufeto ya faɗo ba sanarwa. Muna ganin in yaro ya gyara mana sau ɗaya ajin ya kuɓuce. Iyaye ma ba a bar su a baya ba, sau nawa yaro ke dawowa gida da gaskiyarsa a ce masa "kai ka fi mushe sani ne?" Alhaji bai ce wa ɗansa haka ba. Ya jira ya ga hoton.

Ranar Litinin na sake liƙa hotunan. Na ce musu na yi kuskure uku, na lissafa su ɗaya bayan ɗaya, na ce wanda ke benci na uku shi ke da gaskiya, kuma dariyar da aka yi masa ni na jawo ta. Ajin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu da bulala ba. Na hana sunan Eskimo, ko da yake na san a bayan katanga bai mutu nan take ba. Sa'an nan na ɗauko babbar riga ta katako mai mita guda, na sa yara suka auna a bango daga ƙasa, suka ja layi da alli a 57, a 48, a 38, a 30, a 23. Suka riƙa zuwa suna gwada layukan da gwiwarsu da cinyarsu. Wata yarinya ta ce ashe Samoyed ya kusa akuyarsu, na ce ta auno akuyar gobe ta kawo mana adadin.

Shi dai yaron bai ce komai ba, bai ma ɗago kai ba lokacin da na ambace shi. Haka ranar Talata, haka Laraba. Ranar Alhamis da aka tashi, ina share allo, na juya na gan shi durƙushe gaban bangon shi kaɗai, yana bin layukan da yatsa. Ya tsaya tsakanin 30 da 38.

"Mushe, na Yamai nan yake kaiwa. Matsakaici ne ke nan."

Na ce ya ɗauki alli ya sa alama. Ya sa, ya rubuta Yamai a gefe, ya ɗauki jakarsa ya fita.